Matakala Talatin da Biyu

Kin gan ta, kada ki ce ba ki gan ta ba. A ƙofar masallaci kin wuce ta, kika sunkuyar da kai kina latsa waya. To yau sai kin tsaya kin kalli Mufeeda!

Tana kan kekenta na guragu, a gindin matakalar tsohon filin ƙwallon jami'ar da Affan ya buga wa wasa. Saura wata biyu a ɗaura musu aure. Hotonsa na sama a ɗakin kofuna, shi ya ɗauko ta daga unguwarsu ta Lewisham ta gani.

Nathaniel, mai zagayawa da baƙi, ya ba da haƙuri da Turanci, ya ce ginin ya haura shekara ɗari, babu lift, na'urar hawa bene.

"Affan... ba ka ce ka tambaye su ba?"

"Na yi booking, zumata. Wallahi tambayar ce ta shige min."

Hajiya Amamata, mahaifiyarsa, ta gyara mayafi. "Ka gani ko? Haka za ka ƙare rayuwarka a bakin ƙofofi."

"Umma, don Allah..."

Nusrat, 'yar ƙanwar Hajiyar, wadda Hajiyar ta so ya aura, tuni ta haye rabi. "Yaya Affan, ana jiran ka fa!"

Sauran baƙin suka bi ta gefen keken ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon bango.

Affan ya durƙusa a gaban Mufeeda. "Minti goma kacal, hasken idona. Zan ɗauko miki hoton a waya."

Ta kalle shi, ko zai ce ya fasa.

Ya hau.

Yayyafi ya sauko. Daga ƙasa tana jin muryar Nathaniel, tana jin tafi da aka kai ga hoton Affan, da dariyar Nusrat. Ta ƙirga matakalar sau uku don kada ta yi kuka. Ba ta tsira ba.

Sai bayan minti arba'in ya sauko yana murmushi.

"Baby, kin jiƙe! Duba ki ga..."

"Miƙo hannunka."

Ta ajiye masa zoben baikon da ya ba ta a tafin hannu.

"Mufeeda! A kan bene? Ni na gina shi?"

"Waɗanda suka gina shi ba su san da ni ba, Affan. Kai ka san da ni."

"Ki yafe min, ina son ki..."

"Na sani. Amma ka hau."

Ta juya kekenta ta nufi tashar bas. Ya kira sunanta sau biyu, mahaifiyarsa ta riƙe masa hannu, ya tsaya.

Ke kuma, kada ki share hawaye ki rufe shafi. Juma'ar nan ki dubi ƙofar ɓangaren mata a masallacinku. In keke ba zai shiga ba, ki tare shugaban kwamiti, kada ki matsa sai ya faɗa miki ranar da za a gyara!