Shuɗin Fenti a Koren Jirgi

Ko kujera Sufeto bai gama ja ba Kofur ya faɗo ofis, hula a hannu, yana haki.

"Yallaɓai, an tsamo gawa a ƙasan gada. Direban jirgin fasinjan nan ne da ake ce wa Kyaftin. Kuma mutanen tasha sun kama bakanike, wai sai sun ƙone shi da shagonsa."

"Su ƙone shi? Hukuma mutuwa ta yi? Ta da mota."

Da suka isa tashar jiragen ruwa, da ƙyar motar ta ratsa mutane. Tsohon bakaniken, wanda kowa ke kira Baba, yana zaune a ƙasa, leɓe a fashe, riga a yage. Wani saurayi ya cukuikuye masa wuya yana kuka yana zagi, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba.

"Sake shi," in ji Sufeto. "Kai wane ne?"

"Ni ne ƙanin mamacin. Auta ake ce mini. Wannan tsohon ne ya kashe mini Yaya!"

Labarin bai da tsawo. Jiya da safe Kyaftin ya ɗebi fasinja zai haye da su. Yana kaiwa tsakiya, saman gada kaɗan inda ruwa ya fi ƙarfi, inji ya yi tari ya mutu. Ruwa ya ja jirgin zai maka shi da ginshiƙin gada. Kyaftin ya faɗa da igiya a hannu, ya samu ya ɗaure ta a ƙarfen ginshiƙin. Fasinja duk sun tsira, shi ne bai fito ba. Shekaranjiya kuwa Baba ya yi wa jirgin aiki, ya ce ya sa sabuwar filta, wato matatar mai.

"Ƙarya yake yi, Yallaɓai! Je ka ka gani da idonka, tsohuwa ce a ciki!"

Sufeto ya sa aka saka Baba a mota, don in ya bar shi nan ba zai kai azahar da rai ba. Yana juyowa wata mata ta tare shi, goye da jariri, idanunta sun kumbura. Ba ta ihu kamar sauran.

"Yallaɓai, ni ce matar mamacin. Wanda kuka sa a mota kuma mahaifina ne."

Ya ga gawa iri-iri a aikin nan, amma wannan magana ta daki zuciyarsa.

"Dangin mijina sun ce in kwashe kayana in bar musu jikansu. Ni ba wannan ne ya kawo ni ba. Abu ɗaya nake so ka gaya mini: hannun babana ne ya kashe mini miji? In shi ne, kar ka ɓoye mini."

"Ba zan ɓoye miki ba, 'yar'uwa. Amma ki bari in sani tukuna."

Jirgin Kyaftin yana ɗaure a gaɓa, gefensa a fashe. Kore ne shar ciki da waje, har warin fenti bai gama fita ba. Wani masunci ya ce ai marigayin haka yake, ko ƙusa aka buga wa jirginsa sai ya bi ta da buroshi.

Sufeto ya ɗaga murfin akwatin da ke ƙarƙashin kujerar baya. Ga filtar nan: gwangwani ne da mai ke bi ta cikinsa kafin ya kai inji, da ɗan kofin gilashi a ƙasansa inda ruwa ke kwanciya in ya shiga mai. Auta bai yi ƙarya ba, wannan kam ta ga duniya. Tsatsa ta cinye ta, kofin ya cika fal da ruwa mai launin shayi. Kofur ya gwada murɗa ɗan makunnin da ake tsiyaye ruwan, ko gezau, tsatsa ta riƙe shi.

"Yallaɓai, wannan ai ta girmi takalmina."

"Bar wasa. Juyo mini ita nan."

A jikin gwangwanin akwai shaidar haƙoran filaya, an matse shi har ya lotsa. A kafaɗarsa kuma ga wani tsohon ɗigon fenti ya bushe. Shuɗi ne. Sufeto ya dubi cikin akwatin, ya dubi bangon jirgin, ko'ina kore. Ya sa aka kwance filtar aka naɗe a leda.

A ofis Baba ya ƙi shan ruwan da aka ba shi.

"Baba, ka sa sabuwa ko ba ka sa ba?"

"Na sa, ɗana. Da hannuna na ɓare ta daga kwali, na shafa wa robar bakinta mai, na murɗa."

"Da filaya?"

Tsohon ya ɗago a fusace, kamar an zage shi.

"Filaya? A filta? Hannu kawai. In ka matse da ƙarfe robar za ta lalace."

"To ina wadda ka cire?"

"Tana durom ɗin bayan shagona. Duk wadda na cire sai na huda ta da ƙusa, kar wani ya tsince ta ya wanke ya sayar wa mutane."

"Wa ya san ka sa wa surukinka sabuwa?"

Baba ya sunkuyar da kai, ya yi ta murza yatsunsa.

"Kowa ma. Tasha ce."

Sufeto ya san akwai maganar da tsohon ya haɗiye, amma kafin ya matsa masa Oga, shugaban ofishin, ya kira shi. Ya ce mutanen tasha sun cika ƙofar ofis, shi kuma ba zai bari a ƙone masa caji ofis a kan bakanike ba. Gobe da safe a kai tsohon kotu, laifin sakacin da ya jawo kisa. Sufeto ya sara ya fito ransa a ɓace. In aka rubuta haka, ko bayan shekara kotu ta wanke Baba, 'yarsa ta riga ta ji amsarta.

Shagon Baba rumfar kwano ce, an farfasa masa kanta an watsar da sifanoni. Durom ɗin yana baya. Kofur ya naɗe hannun riga yana mita, wai shi ɗan sanda ne ba ɗan bola ba. Filtoci sun yi tuli, kowace da hudar ƙusa a ciki. Ta saman su duka hudarta sabuwa ce, ƙarfen yana ƙyalli, jikinta kuma dabbare-dabbaren koren fenti.

"Ga ta Kyaftin ta asali," in ji Sufeto. "Ke nan tsohon ya cire ta da gaske. Wadda muka samu a jirgin ba huda, kuma shuɗi gare ta. Baƙuwa ce, Kofur. Wani ya kawo ta."

"To sabuwar fa? Tashi ta yi sama?"

"Ita muke nema. Amma tukuna, ta ina ruwa ya shiga man?"

Mai Fetur yana da rumfa a bakin tasha da manyan duromomi. Tun daga nesa ya fara washe baki. Sufeto ya tambaye shi ko akwai ruwa a man da yake sayarwa.

"Maina? Yallaɓai, maina ko a ido ka ɗiga ba ka jin komai. Tas yake!"

"Kofur, samo kwalba da tiyo. Daga can ƙasan durom za ka zuƙo."

Aka cika kwalbar aka ajiye a kan benci. Ba a jima ba ta rabu biyu, mai a sama, ruwa a ƙasa. Gumi ya karyo wa Mai Fetur.

"Ruwan saman nan ne na makon jiya, Yallaɓai. Murfin ne ya tsage, wallahi ban lura ba."

"Ba ka lura ba, amma ka ɗora masa dutse da leda? Wa ka sayar wa daga wannan durom jiya?"

"Kyaftin kawai."

"Kawai? Zan bi tasha jirgi-jirgi in tambaya, in na samu wani, kai za ka kwana a inda tsohon yake."

"Da ƙaninsa! Da Auta. Shi ya fara sha ma, tun da sassafe. Wasu ma'aikatan awon ƙasa ne suka ɗauki shatarsa zuwa can sama, tafiyar wuni guda."

"Ya je?"

"Ya je ya dawo lafiya lau. Ka ga ke nan ba maina ba ne!"

Sufeto ya sake duban kwalbar. Durom ɗaya, ruwa ɗaya. Jirgi ɗaya ko tsallake kogi bai yi ba, ɗayan ya wuni yana gudu.

"Jirgin Auta wane launi ne?"

Mai Fetur ya nuna da baki. Yana can ƙarshen tasha, nesa da sauran, an rufa masa tamfol. Ta ƙasan tamfol ɗin ana hango shuɗi.

Sufeto ya aika aka kira Auta daga gidan makoki. Bai zo shi kaɗai ba, dangi suka biyo shi, matar Kyaftin ma tana bayansu da goyonta. Mutanen tasha suka sake taruwa, wasu har da sanduna.

"Auta, yaushe rabonka da canza filta?"

"Ni? An daɗe. Tana nan tana aiki."

"Ka taɓa neman sabuwa a wajen Baba?"

"Ban taɓa ba."

"Buɗe akwatin."

"Makullin yana gida, Yallaɓai."

"Akwatin ba kwaɗo a jikinsa. Buɗe."

Auta ya ɗaga murfin. Filtar da ke ciki baƙa ce wuluk, an lafta mata baƙin mai da laka.

"Ka gani? Tsohuwa ce," in ji Auta.

Sufeto ya durƙusa. Kofin gilashin ya tara ruwa kusan rabi. Ya taɓa makunnin da yatsa biyu, ya juya salin alin, ruwan ya tsiyaye.

"Tsohuwa mai laushin hannu. Kofur, ba ni tsumma."

Shafa ɗaya ya yi, farin gwangwani ya bayyana yana sheƙi. Ya sake shafawa. Ga shaidar haƙoran filaya, irin ta waccan. Ga kuma layin fenti ya gangaro daga kafaɗa zuwa ƙasa, sabo, kore shar.

Sufeto ya kwance ledar, ya ɗaga tsohuwar filtar kowa ya gani, ya kara ɗigon shuɗin da bangon jirgin Auta. Launi ɗaya ne, ba sai an faɗa ba.

"Taka tana jirgin yayanka, tasa tana naka. Yi mini bayani."

Auta ya yi wuƙi-wuƙi, ya dubi dangi, ya dubi ruwa kamar zai faɗa. Kofur ya riƙe masa hannu. Sai Auta ya zube a kan katako.

"Aro na yi! Wallahi aro na yi, da yamma zan mayar!"

"Faɗi daga farko."

"Tawa ta mutu, injina yana ta tari. Ga shatar nan, ban taɓa samun irinta ba. Na je wajen Baba, ya ce guda ɗaya ta rage masa kuma ta Yaya ce, shi ke ɗaukar mata da yara. Na ji haushi. Da asuba na zo na musanya. Na ce ai Yaya tsallake kawai yake yi, tawa za ta kai shi. Ban san akwai ruwa a man ba, wallahi ban sani ba!"

Ashe abin da Baba ya haɗiye ke nan. Ya gwammace ya sha duka da ya jefa zargi cikin gidan da 'yarsa take aure.

"An ce mini yayanka kullum sai ya buɗe akwatin ya duba kofin kafin ya ta da inji," in ji Sufeto. "Ba ka ji tsoron ya gani ba?"

Auta ya kifa fuska a tafin hannu.

"Na san ba zai buɗe ba. In dai Baba ne ya yi aiki, Yaya ba ya dubawa. Cewa yake yi raini ne."

Wani dattijo cikin dangi ya saki sandarsa ya fara salati. Sufeto ya matsa kusa da Auta.

"Ka san haka, kuma da safen nan ka fasa wa tsohon baki, kana kiran a kawo fetur?"

Kofur ya sa wa Auta ankwa, ya ɗaga shi tsaye.

Sufeto ya juya wajen matar. Tana nan inda take, hawaye na zuba ba ta share ba.

"'Yar'uwa, kin tambaye ni. Ba hannun babanki ba ne. Aikinsa daidai ya yi shi."

Ta gyaɗa kai. Da aka zo wucewa da Auta ta gabanta, ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Jiya kai ka karɓi yaron nan a hannuna, ka ce in yi kuka in huta, kai ne ubansa yanzu." Ta gyara goyonta ta ƙara ɗaure zanin. "Yallaɓai, yanzu za a sako Baba?"

"Yanzu. Shigo mota mu tafi tare."

Ta dubi bayan motar, inda Kofur ke tura kan Auta ciki.

"A'a. Ku yi gaba, zan zo da ƙafa."