Sawun Safinja a Ofishin Manoma

Ƙarfe uku na ranar Laraba, Alhaji Osman, shugaban ƙungiyar manoman Hillat Mati, ya faɗo ofishin 'yan sandan Suki rawaninsa a warware.

"Janabu, an kashe muna kwamfuta! Sabuwa dal, ko sunan manomi guda ba ta riƙe ba."

Sufeto Uzairu ya ajiye kofin gahawarsa ta jabana. "Wa ya kashe ta?"

"Huda, ɗiyar Mairo, da muka ba aikin haɗa ta. In ta tabbata ita ta, a rufe ta, aikin ofis da muka yi mata alkawari kuwa ta manta da shi."

Rabin sa'a bayan haka Sufeto na tsaye a ƙofar ofishin ƙungiyar, wani ɗakin ƙasa a gefen babbar hanyar ruwan gonaki. Takalma ne jere a bakin ƙofa. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, wata murya ta tsayar da shi.

"Don Allah, Janabu, a cire takalmi."

Budurwa ce a tsugune kusa da tebur, idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Ita ce Huda. Ya cire, ya taka ƙasa mai sanyi da sauran danshi. Ɗakin na ƙaurin roba.

"Faɗa mini abin da ya faru."

"Tun safe nike haɗa ta. Na ɗaure borda, wato babban allon nan da komai ke hawa kansa. Da aka kira azahar na jawo ƙofa, na tafi gida salla. Na dawo, na danna maɓalli, sai hayaƙi."

Wani dogon saurayi da ke jingine da bango ya yi gyaran murya. Farar jallabiyarsa ko ƙura babu. Alhaji Osman ya ce shi ne Mujtaba, mai shagon gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Suki, wanda ya koya wa Huda sana'ar. Shi aka kira ya duba ɓarnar.

"Abin a fili yake, Janabu," in ji Mujtaba. "Kahraba sakina ta. Wutar nan da ka taruwa a jikin mutum in tufa ta goge shi, wadda ka tsirar ka in ka taɓa ƙarfe. Dubi tob ɗin da ta yafa, zallan leda. Ta taɓa borda da shi, ta ƙone. Sau nawa na gargaɗe ta?"

Yana magana da Sufeto, amma idonsa na kan zoben baikon da ke yatsan Huda. Uzairu ya lura da kallon nan. Ya san kallon. Shi ma ya taɓa yin irinsa shekaru goma sha biyar da suka wuce, a wani biki a Rufa'a, har yau kuwa bai son tuna daren.

"Huda, wannan wutar tana iya kashe kwamfuta?"

"Tana iyawa. Shi ya sa nike aiki ba takalmi, kuma ban taɓa komi sai na fara dafa ƙarfen akwatin. Kullum da safe ni ka yayyafa wa ƙasar ga ruwa. Ga shi damina muke, iska jiƙe. Ina wutar za ta taru? Kuma in ta kashe, shiru take kashewa. Ba hayaƙi, ba ƙauri. Shi da kansa ya koya mini haka."

Mujtaba ya yi 'yar dariya. "Ɗaliba ta fi malami."

"Kwance mini bordar," Sufeto ya ce.

Ta warware kusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga allon. A bayansa akwai baƙin tabo kamar ɗan yatsa. A ƙasan akwatin kuma, ga wani guntun waya mai tsatsa, a lanƙwashe, gefe ɗaya ya narke.

"Taki ce?"

"Wallahi ban taɓa ganin ta ba."

Sufeto ya naɗe ta a hankici. Sannan ya zaga bayan tebur, wajen da 'yan kallo ba su tattake ba. Ƙasar da aka yayyafa ta riƙe komai. Jikin bango, sawun safinja ne, silifan roba na alwala, ƙafa biyu, sun nufo tebur. Kusa da su wani sawun ya juya zuwa ƙofa: dama da silifa, hagu ƙafa tsirara.

"Wa aka sa wa ranar aure da ke?" ya tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"Salih, magatakardan ƙungiya."

Ya sami Salih a waje, gindin bishiyar dogon yaro, yana murza hula.

"Ina kake da azahar?"

"Gona, Janabu. Ina ban ruwa."

"Ban ruwa? Bayan ruwan saman jiya? Kuma ƙafarka ko taɓo babu."

Salih ya sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito.

"Nan nike, bayan iccen ga. An ce mini Mujtaba ya zo wurinta da hantsi. Shekara biyu suna zama shago guda, kai da kai bisa waya guda. Ya zol, bawan Allah, in kai ne za ka iya ban ruwa? Na zo in gani da idona."

"Me ka gani?"

"Ya ce ta ba shi ya ƙarasa mata, ta ce ta gode, ta iya. Na ji daɗi har na yi dariya, ya ji ni. Da ta fita salla sai na bi bayanta daga nesa, har ta shiga gida."

"Shi fa?"

"Ya ce mata za ya koma Suki. Amma da na wuce, babur ɗinsa na nan bayan sito."

Sufeto ya koma ciki. A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi wani takalmin markub na fata, ja, yana ƙyalli.

"Naka ne, Mujtaba?"

"Nawa na. Ni ban sa roba."

"Ko wurin alwala?"

Sufeto bai jira amsa ba.

"Ina ka yi azahar?"

"Suki."

"A ƙafa ka je? Babur ɗinka dai a nan ya yi tasa sallar. Zo ka buɗe mini akwatinsa."

Jama'a suka bi su zuwa bayan sito. Mujtaba ya sa makulli ya buɗe akwatin. A ƙarƙashin sallaya akwai safinja shuɗi. Na hagun hancinsa ya fita. Sufeto ya juya shi: a ƙasansa ga tsatsar wayar da aka taɓa ɗaure hancin da ita, har da ɗan ragowarta a maƙale. Ya buɗe hankici, ya haɗa biyun. Suka zauna daidai.

"Kowa a garin nan ya san ba a shiga ɗakin nan da takalmi," in ji Sufeto. "Wanda zai shiga da roba da gangan, sai wanda ke son wutar jikinsa kada ta sauka ƙasa. Haka ne?"

Mujtaba ya zame ya zauna a ƙasa, farar jallabiyar ta sha taɓo.

"Na goga leda a hannuna har fata ta yi zafi," ya ce a hankali. "Na taɓa bordar sau biyar, ko ɗan tsira ban ji ba. Danshin ya hana. Ruwan da ni na koya mata yayyafawa! Sai na duba ƙafata, na ga wayar, na cire ta na cusa ƙarƙashin bordar."

"Don me?"

Ya ɗago, ba Sufeto ya kalla ba.

"Ni na fara ɗora miki sukudireba a hannu, Huda. Na ce in ta ƙone za ki dawo shago ki ce, Mujtaba, taimake ni. Sau guda kawai nike son ki sake buƙata ta. Sai ki zo ki zauna ofis guda da Salih, kullum, ina wucewa ina ganin ku ta taga?"

"Da ka bari an rufe ni?" Huda ta tambaya.



Alhaji Osman ya share gumi da bakin rawani. "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Za a kawo wata bordar, ke za ki haɗa."

Salih ya matso kusa da ita. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai kuma, bayan icce? Za mu yi magana."

Sufeto Uzairu ya kama hannun Mujtaba, ba da ƙarfi ba, ya nufi mota da shi. Sai da suka kusa ya ga ashe saurayin ƙafa tsirara yake tafiya. Markub ɗinsa na can a bakin ƙofar ofis, a jere da takalmin Huda.