Ɗige-ɗigen da Aka Goge wa Rana

Na'urar Duba-Rana tana juyawa a saman hasumiyar Birnin Tsauni, tana ƙirga ƙananan ɗige-ɗigen maganaɗisu da ke ɓullowa a fuskar rana. Manyan tabo kowa ya san su. Ƙananan kuwa, masu fitowa su ɓace cikin awanni, Dakta Uwani ce kaɗai ta damu da su. Shekara goma sha ɗaya, cur lokacin da tabon rana ke ɗauka su yawaita su ragu su sake dawowa, tana tara bayanansu, don in suka fara cunkushewa guguwar rana mai ƙone injina na tafe. Da wannan taskar tata injinan birni ke gane lokacin da za su kashe kansu su tsira, har da famfunan da ke tura bahaya bayan gari.

Sai aka ce Shugaban Birni zai kawo ziyara. Mutanenmu dai suna nan da halinsu: gidaje sun taɓo gajimare, amma in babban baƙo zai zo, fenti ake fara nema. Aka shafe bango, aka shafe duwatsun bakin titi, har gindin bishiyoyi. Darakta Nomau, shugaban Uwani a wurin aiki, ya tsaya gaban allon da ke nuna fuskar rana ya yatsine fuska.

"Wannan kashin ƙudan fa? A haka za mu nuna wa mai girma rana?"

"Ranka ya daɗe, ai su ne aikin gaba ɗaya," in ji Uwani.

"A goge. A bar manyan, sun fi kyau a hoto."

Ta ƙi. Ya tura ta hutun dole, ya sa aka goge su har cikin taska, wai kada su dawo ana tsakiyar jawabi. Rana ta fito tas, aka sha tafi.

Bayan kwana tara guguwa ta sauka da hantsi. Injina ba su sami gargaɗi ba, famfunan suka ƙone. Kafin la'asar ƙazantar mutum miliyan shida ta dawo ta inda ta bi, ta malale titunan nan masu sabon fenti. Amma abin da ya fi warin tayar da zuciya shi ne zuwan Nomau gidan Uwani, ya tattare riga, ko kunya babu.

"Dakta, a yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce. Yaushe za ki dawo mana da ɗige-ɗigen? Mai girma yana so kafin Juma'a."

Uwani ta dubi takalmansa, ta janye tabarmarta.

"Shekara goma sha ɗaya," ta ce. "Rana ba ta san mai girma ba."