Dutse Mai Amo

Wani dare aka ji wata irin ƙara daga kan tudun da ke bayan gari. Ba ta ganga ba ce, ba kuma ta ƙarfe ba. Kamar a ce an kifa tasa a cikin ruwa ana ƙwanƙwasa ta a hankali. Ko karnuka ba su yi haushi ba.

Auta, ɗiyar magini, ta kasa komawa barci. Ta tashi zaune, ta kwanta, ta juya matashi, har gari ya waye.

Da safe ta lulluɓe keken ɗinkinta, ta bi ayarin baƙin da ake hawa tudun da su duk ƙarshen mako. Mai yi musu jagora wani siririn saurayi ne da yara ke kira Ƙadangare, saboda babu dutsen da ba ya maƙalewa a jikinsa.

Yana tafe yana bayani. Ya nuna musu jijiyar farin dutse da ta ratsa baƙi, ya ce tun ƙasa tana narke ta kutsa ta daskare a nan. Ya nuna musu ramukan niƙa na mutanen da, da tushen bangon da suka bari. A can ƙoli ya tsaya gaban wani falalen dutse da ya hau kan 'yan'uwansa, ƙarƙashinsa rami. Ya ɗauki mulmulallen dutse ya buga.

Auta ta dafe ƙirji. "Wallahi ita ce! Kai ne ka hana ni barci jiya?"

"Ni? Ranki ya daɗe, rana na faɗuwa nake sauka. Amma da na san akwai mai saurare irinki, da na nemi izini."

"Ji shi da daɗin baki."

Ya tsinci wata 'yar tsakuwa mai ƙyalli ya miƙa mata. Tun daga ranar ya raɗa mata suna Tsakuwa.

Ɗinki ya fara karkacewa a hannunta. Sai ta ɗora allura ta ɗaga kai tana kallon tudun ta taga, waya na kan cinyarta.

Saƙonsa ya shigo: "Tsakuwata, yau na hau da mutum takwas da wata tsohuwa mai sanda. Kowa ya ga dutse, ni ke kaɗai nake gani."

Ta mayar masa: "Ka dai kalli gabanka kada ka zame. Ba na ɗinke ƙafa."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Baba, mahaifinta, yana tsakar gida yana gwada duwatsun aiki. Haka yake yi tun tana ƙarama: ya ɗan taɓa kowane dutse da gudumarsa ya kasa kunne. Wanda ya yi ƙarau lafiyayye ne, wanda ya yi dum da tsaga a cikinsa. Gudumar tsohuwa ce, bakinta ya ɓantare a tsakiya kamar mai giɓi, kuma ba ya rabuwa da ita, kullum tana soke a ƙugunsa.

"Yawon dutse sana'a ce?" in ji shi. "Mutum ya kwashi jama'a ya kai su kallon abin da Allah ya ajiye kyauta? Ban yarda ba. Kuma na hana ki hawa tudun nan."

Auta ta koma kan kekenta. Tun rasuwar mahaifiyarta ba a ambaton tudun a gidan, ba ta kuma taɓa sanin dalili ba.

Akwai Mai Tifa, wanda ke kawo wa Baba yashi. Ya daɗe yana ajiye motarsa a ƙofar gida fiye da yadda sauke yashi ke bukata. Shi ya zauna a kan buhun siminti ya ce, "Baba, ai gari duk an sani. Wannan ƙarar ta dare, yaron nan ne. 'Yan matan da yake hawa da su da rana, da dare yake komawa da su yana yi musu kiɗa."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa.

Auta ta ji daga bayan labule. Daren nan kuwa ƙarar ta dawo. Ta rubuta wa Ƙadangare: "Wa kake buga wa?"

"Ina kan tabarmata, Tsakuwa. Ni ma ina jin ta."

"Ka ce babu wanda ya san inda ake bugawa sai kai."

"Haka na zata."

Ba ta sake amsawa ba. Ya kira, ta kife wayar. Ta jefa tsakuwar a gwangwanin maɓallai, ta ciro ta, ta sake jefawa. A makon nan sau biyu tana ɗinke hannun riga a rufe, har maƙwabciyarsu, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta leƙo ta katanga ta ce, "'Yar nan, ko dai aljanun tudu sun shafe ki?"

Ranar Asabar Ƙadangare ya zo da kansa ya durƙusa a ƙofar gida. "Baba, ku hau tare da ni sau ɗaya. In kun sauko kuka ce in tafi, ba za ku sake ganina ba."

Mai Tifa ya yi dariya ya ce shi ma zai je ya ga ƙarshen ƙarya. Baba ya ce Auta ta biyo su ta gani da idonta.

Suka hau. Abin da ya ba Auta mamaki, Baba bai taɓa tambayar hanya ba. Inda turba ta rabu biyu, ƙafarsa ta riga ta jagora zaɓa.

A gindin dutsen, Mai Tifa ya zagaya yana haki, sai ya ƙwala kira. "Ga shi! Sabon sara, fari tas. Wa ke zuwa nan in ba shi ba?"

Ƙadangare ya tsuguna. Can ƙasa ne, gefen da ba ya kai baƙi. Ya shafa tabon da yatsa. Saran ƙarfe ne, kuma kowane ɗaya da ɗan giɓi a tsakiyarsa. Auta ta ga idonsa ya tashi a hankali ya sauka a ƙugun Baba, ya tsaya kan gudumar, sannan ya kawar da kai da sauri kamar wanda ya kalli rana.

Sai ta tuna takalman Baba a bakin ƙofa da asuba, jiƙe da raɓa, ƙaya a maƙale.

"Yi magana mana!" in ji Mai Tifa. "Ko bakin ya mutu?"

Kalma ɗaya ta ishi Ƙadangare ya wanke kansa.

"Ba ni ba ne," in ji Ƙadangare. "Amma ko wane ne, ba ɓarna ta kawo shi ba. Ya samo inda ni ban sani ba. A wurina dutsen waƙa yake yi, a nan kuwa kuka yake. Roƙona ɗaya gare shi, ƙarfe yana cin fuskar dutsen." Ya ɗauko mulmulallen dutsensa ya ajiye a gindin tabon. "Ga wannan, in ya sake zuwa."

Mai Tifa ya ce, "Shi ke nan? Baba, kun ji fa, ya kasa kare kansa."

"Na ji," in ji Baba. "Sauka ka duba motarka, kada yara su hau."

Da Mai Tifa ya ɓace a gangare, Baba ya zauna a kan dutse. Bai kalli kowa ba.

"A nan na fara ganin mahaifiyarki," ya ce. "Ita ta nuna mini wurin."

Ya miƙe, ya kai gaɓar yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa ƙirjin saurayin, ya kasa kunne kamar yadda yake yi wa duwatsun aiki.

"Babu tsaga," ya ce. "Ka turo manyanka."

Da yamma saƙo ya shigo: "Tsakuwata, har yanzu ina cikin gwangwanin maɓallai?"

"Wa ya gaya maka?"

"Gwaggo. Ta katanga."

"Na ciro ka. Kada ka saba."

Aka ɗaura aure bayan damina. Auta ce ta ɗinka wa ango rigarsa, hannuwan duka a buɗe. Baba ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa ku tsufa tare, ya ba ku zuriya mai jin magana, ko da masu hawan dutse ne." Aka ce amin, aka yi dariya. Mai Tifa ma ya zo, ya ci ya ƙoshi.

Baƙi sun fara watsewa, ana tattara kujeru, Baba ya ce zai ɗan taka ya miƙe ƙafa. Auta ta lura ya bar gudumarsa a kan taga.

Ba a jima ba amon ya sauko daga tudu, a tausashe, ba kaifi irin na da. Amarya ta kalli ango, ango ya kalli ƙasa yana murmushi.

Gwaggo ta tsaya cak da tulin faranti a hannu.

"Ikon Allah! To ga angon nan zaune a gabanmu. Wai shin wane ne ke buga dutsen nan?"