Gitar Kevin Mai Tsirkiya Biyar

Ranar Litinin da safe Afiniki, 'yar shekara takwas, ta kunna gem ɗinta na hannu ta tarar babu gonarta. Shekara guda tana kiwon kaji a cikin wasan.

"Mama, an kwashe kajina."

Damaris ta ajiye tiren citta ta karɓa. Rigar robar ta Afiniki ce, amma da ta cire sai ga na'ura sabuwa fil. Tasu tsohuwa ce, da tsaga a kusurwa.

Ta goya ƙaramin ɗanta, suka nufi shagon Emilia mai gyaran waya kusa da tashar jirgin Kafanchan.

"Wane irin ɓarawo ne zai ɗauki tsohuwa ya bar sabuwa?" in ji Damaris.

Emilia ta yi dariya. "Mai wayo. Idan an kunna gem, akwai mai gadi a ciki da ke duba komai kafin ya buɗe ƙofa. Na tsofaffin yana da rauni tun daga kamfani, ba ya gyaruwa. A haɗa ƙarafa biyu na gefen nan da siririyar waya, a jona da kwamfuta, sai ya bar kowa ya shiga. A sababbin an toshe."

Ta zare hannun gem ɗin, ta ciro guntuwar waya a lanƙwashe. "Kin gani? Ya gwada a nan, ta ƙi. Ki yi sauri. Idan ya zuba nasa wasannin a tsohuwar, zai iya share kajin."

Damaris ta ƙulle wayar a bakin zaninta. Wuri ɗaya gem ɗin ya bar hannun 'yarta: coci. Kwana huɗu ba wuta, kowa ya kai caji bayan kujerun mawaƙa.

Ta fara da Meshak mai kula da janareta.

"Baba Meshak, wa ya taɓa caji jiya?"

"Maman Afiniki, ni ko wayana jikana ke kunna mini. Ban bar gindin janareta ba, tambayi Pasto."

Ta nuna masa guntuwar. Ya murza ta. "Wannan ba wayan wuta ba ne. Ya yi ƙarfi."

Nan ta tuna. Jiya a coci, lokacin waƙar baiko, gita ta yi ta gurnani kamar mai mura.

Ta samu Kevin, mai kaɗa gitar cocin, a ɗakin kayan kiɗa.

"Ƙanena, ƙirga mini tsirkiyar gitarka."

"Anti, ɗaya ya tsinke."

"Ta tsinke, ko an yanka?" Ta ɗora guntuwar kusa da ragowar da ke maƙale. Kauri ɗaya. "Ka yanke siririyar, ka gwada a naka, ta ƙi. Sai ka ga tsohuwa tana caji a bayan kujerarka."

Kevin ya sosa kai. "Ai sabo na bar mata. Ta ci riba."

"Ƙofar da za ka ɓalle don wasan kyauta, ta nan kajin yarinyata za su salwanta. Ka tambaye ta kafin ka yi mata ribar?"

Ya ciro gem ɗin daga jakar gita. Bai kai ga taɓa shi ba, kebul na jona shi da kwamfuta yake jira. Duk da haka sai da Emilia ta duba ta ce lafiya.

Afiniki ta kunna. Kaji goma sha tara, duk suna jin yunwa.

"Kawu Kevin, zauna," in ji ta. "Kai za ka ba su abinci. Ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace sai ka ba ta haƙuri."