Gwaten Malam Haladu

"Salma, don Allah ki ajiye tsintsiyar nan ki dube ni!"

Ba ta ajiye ba. Ta ci gaba da sharar zauren da ta riga ta share tun da sassafe, tana bin ƙasa kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Badruddeen yana tsaye a bakin ƙofa, yayyafin safiyar Asabar duk ya jiƙa masa kafaɗu.

"Ina jin ka, Yaya Badar."

"Ba kya ji na! Bayan Sallah zan koma Gombe da aiki, kin sani. Su Kawu sun ce sun gaji da zuwa ana ce musu yarinya ta ce a ɗan jira. Wannan karon in ba a sa rana ba, sun ce sun cire hannunsu... Sahibata, me na yi miki?"

"Babu abin da ka yi min."

"To me ya rage?"

"Baba," ta ce a hankali. "Wa zan bar wa Baba?"

Nan dai maganar take tsayawa kullum. Tun da Allah ya yi wa Umma rasuwa, gidan nan na Gangare ya koma su biyu, ita da mahaifinta Malam Haladu, tsohon direban a-kori-kura. Yayanta yana can Fatakwal, sai Sallah-Sallah ake ganinsa. An yi an yi da Baba ya ƙara aure ya ce shi ya rufe wannan babin. Shi kuwa bawan Allah, ko ruwan zafi ka ce ya dafa sai ya ƙone butar.

Salma tana son Badruddeen, son da har ciwo yake mata a ƙirji. Amma da zarar ta hango Baba zaune shi kaɗai da burodi da ruwan sanyi, sai ta ji auren ya fita daga kanta.

"Yau nake son amsa, Salma. Wallahi ba barazana nake miki ba, ƙarfina ne ya ƙare."

Ta buɗe baki ke nan sai ga gyaran murya daga cikin gida. Badruddeen ya zube ƙasa yana gaisuwa, kansa a sunkuye. Baba ya amsa a gurguje, ya ce zai ɗan zaga gari, ya wuce yana gyara wata leda da ya cusa ƙarƙashin babbar riga.

Salma ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

"Ka ga abin da na gani?"

"Me?"

"Ledar! Yaya Badar, Baba yana ɓoye min wani abu."

Ta jima da lura. Duk Asabar sai ya fita da hantsi, ya dawo bayan azahar rigarsa tana warin hayaƙi da yakuwa. In ta kawo masa abinci ya ce a ƙoshe yake, mutumin da bai taɓa cin abincin waje ba. Ran nan ta ga ƙuna a babban yatsansa, ya ce salansar babur ce, alhali rabonsa da hawa babur tun tana firamare. Ga ludayinta na katako ya yi ɓatan dabo, ta birkice kicin kaf ba ta gan shi ba.

"Mace ce," ta ce, idanunta sun ƙanƙance. "Wata ce take dafa masa abinci."

"Haba Salma! Baban ne?"

"Da motarka ka zo?"

"Ni ina maganar aurenmu, ke kina..."

"Ka kai ni mu gani, don girman Allah. In ban sani ba yau, ba zan iya tunanin komai ba!"

Ta bar wanki jiƙe a baho, ta zari hijabi da kwandon cefane don ta samu abin fakewa. Badruddeen ya tayar da mota yana ƙunƙuni, wai shi da ya zo neman aure an mayar da shi ɗan leƙen asiri. Amma da suka hango Baba ya shiga keke a bakin titi, shi ya fi ta miƙa wuya.

Keken bai nufi majalisar tsofaffin direbobi ba, bai nufi tasha ba. Ya ratsa cunkoson 'yan cefane, ya bi ta gaban masu tulin dankalin Turawa da kabeji, sai ga shi ya tsaya a filin da ake baje kolin sana'o'in hannu duk ƙarshen mako.

"Me Baba zai saya a nan?" in ji Salma.

"Wataƙila kayan lefe yake haɗawa."

Ta galla masa harara, ya kama bakinsa.

Filin ya cika maƙil. Ga masu jakunkunan fata, ga Yarabawa masu rini sun shanya zannuwa suna kaɗawa a iska, ga masu kwanduna da kujerun gora, wani dattijo yana sassaƙa turmi yara sun zagaye shi. Da wata rana ce, da Salma ta tsaya ta taya 'yan kunnen duwatsu har sai mai su ya gaji da ita. Yau kuwa hular Baba kawai take bi, tana ɓacewa tana ɓullowa cikin mutane.

Can ƙarshen fili ya tsaya, wajen masu tukwanen ƙasa. Wata mata kakkaura mai ɗaurin ɗankwali ta taso tana dariya.

"Oga Haladu! Ka yi latti yau, wuta ya kusa mutuwa!"

Salma ta tsaya cak. Ta ja Badruddeen suka laɓe bayan tabarmin da wani ya rataye.

"Ka gani ko? Na faɗa maka!"

"Tsaya dai... ki duba."

Baba ya zagaya bayan rumfar. Ya cire babbar rigarsa ya ninke ta a kan benci, ya naɗe hannun 'yar ciki har gwiwar hannu. Sannan ya buɗe ledar nan ya zaro ludayi. Ludayinta!

Ya tsuguna gaban murhu, ya ɗora wata 'yar tukunyar ƙasa da ba ta fi ta mutum ɗaya ba. Gwate zai dafa, wato faten tsaki da ganye. Ya ɗebo tsakin masara ya wanke, rabi yana bin ruwa. Ya ɗauki wuƙa ya kama yankan alayyafo da yakuwa, yana yi yana ciza leɓe kamar mai gyaran inji.

"Ba haka ba!" matar ta daka masa tsawa. "Ƙanana-ƙanana! Akuya ne zai ci? Kuma ka rage itace, tukunyana zai fashe!"

"To, Atine, to. A yi haƙuri."

Malam Haladu, wanda yaran tasha suke miƙewa in ya shigo, shi ne ake yi wa faɗa yana ba da haƙuri. Hayaƙi ya turnuƙe shi, ya goge ido da bayan hannu, ya koma yana juya tukunya. Da tururi ya ɗallo masa yatsa, ya yarfe hannun ya sa a baki.

Salma ba ta san lokacin da ta fito daga bayan tabarma ba.

"Baba!"

Ludayin ya kusa suɓuce masa. Ya ɗago, ya dube ta, ya dubi tukunya, ya rasa wanda zai ɓoye tsakanin kansa da tukunyar.

"Salamatu... me ya kawo ki nan?"

"Ni ce zan tambaye ka, Baba. Mene ne wannan? Abincina ne ba ya maka daɗi? Na gaza ne?" Ta matso gaban murhun. "In wani abu nake yi ba daidai ba ai sai ka faɗa min, ba ka zo cikin mutane kana hura wuta ba!"

Atine ta tafa hannu. "Wannan ne yarinyan? Kai, Oga, asiri ya tonu! Sannu 'yata. Babanki shi yana ɗauko min tukwane daga ƙauye da motansa tun ina budurwa, ko ɗaya bai taɓa fasa min ba. Ran nan ya zo ya ce, Atine, ki gina min ƙaramin tukunya, kuma ki koya min gwate. Na ce Oga, lafiya? Ya ce..."

"Atine, ya isa."

"Bai isa ba! Na farko da ya dafa, ko karen maƙwabcina ya ƙi ci!"

Ta koma wajen masu sayen tukwane tana dariyarta. Baba ya jawo benci ya nuna wa Salma, ta zauna. Ya ci gaba da juya gwaten, ya yi magana ba tare da ya dube ta ba.

"Ina jin ku a zaure, ke da yaron nan. Ba yau ba, ba jiya ba. Kullum maganar ɗaya ce, wa zan bar wa Baba."

Ta sunkuyar da kai.

"Na ce miki ki tafi, kin ce to, ba ki tafi ba. Na gane in dai da baki ne ba za ki yarda ba, don kin san ni. Sai na ce bari in koya. So na yi sai na ƙware, wata rana ki tashi ki tarar na ajiye miki kwano, in ce to ga shi, saura wane dalili?"

"Baba, ni ban gaji ba... wallahi ban gaji da kai ba."

"Na sani. Shi ne ma abin da yake ba ni tsoro." Ya ajiye ludayin. "Salamatu, ina kallon ki duk Asabar. Wanki, shara, kasuwa, girki, guga. Sa'anninki suna zuwa da goyo su gaishe ni, ke kina bakin murhuna. Ranar da zan tarar da uwarki, me zan ce mata? In ce na riƙe miki 'ya ta tsufa tana wanke min jallabiya?"

Hawaye suka ɓalle mata. Ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta suna rawa.

"Za ka zauna kai kaɗai..."

"Zan zauna. Kuma zan yi kewarki, ba zan yi miki ƙarya ba, gidan zai yi min faɗi. Amma gara in yi kewarki kina ɗakinki da in riƙa ganin ki kullum ina jin na cuce ki."

Ya ɗaga murya ba tare da ya waiwaya ba. "Kai kuma mai laɓe bayan tabarma, takalmanka sun tona ka. Fito!"

Badruddeen ya fito kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ya durƙusa nesa, ya kasa ɗaga ido. Ina aka taɓa ganin suruki da ludayi a hannu?

Baba ya zuba gwate a 'yan kwanoni biyu, ya miƙa musu.

"Baba, a ƙoshe nake..." in ji Badruddeen, kunya kamar ta kashe shi.

"Yau babu surukuta. Ci ka faɗi gaskiya."

Badruddeen ya juya baya ya kai cokali ɗaya. Ya tauna. Ya haɗiye da ƙyar.

"Ma sha Allah, Baba... ya yi daɗi ƙwarai."

"Maƙaryaci," in ji Baba. "Salamatu, ke fa?"

Ta ɗanɗana. Tsamin yakuwa ya kama mata haƙora, tsakin bai gama nuna ba, ga ɗan ƙauri daga ƙasa. Ta sake kai wani cokalin, ta sake, tana ci hawaye suna ɗiga cikin kwanon, har ta ga ƙarshensa.

"Yakuwar ta yi yawa, Baba," ta ce tana dariya cikin kuka. "Amma ana ci."

"Ana ci!" Ya juya wajen rumfa. "Atine, kin ji? An ce ana ci!"

Salma ta share fuska. Ta saci kallon Badruddeen, wanda har yanzu yake durƙushe da kwano a hannu, idanunsa sun yi ja yana jiran ta. Tausayinsa da sonsa suka taso mata lokaci guda.

"Yaya Badar," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ka ce wa su Kawu su zo."

Ya runtse ido. "Alhamdulillah... Alhamdulillah! Na gode, hasken raina." Sai ya tuna gaban wanda yake, ya ƙara dunƙulewa.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauki tukunyar yana kankare ƙanzo, ya daɗe yana kankarar wuri ɗaya.

"Sai dai ina da roƙo ɗaya, Salamatu, kafin ki tafi."

"Faɗi, Baba."

"Miyar kukar nan ta uwarki, mai daddawa da busasshen kifi. Atine ba ta iya ba, na tambaya ko'ina babu wanda ya iya. A hannunki kawai ta rage." Ya yi gyaran murya. "Ita ce in na ci nake jin kamar tana ɗaki. Kar ki tafi min da ita Gombe."

Salma ta sauko daga benci ta durƙusa kusa da shi a gaban murhun. Ta karɓi tukunyar daga hannunsa, ta riƙe hannun da nata biyu.

"Tashi mu biya kasuwa, Baba," ta ce. "Kai za ka zaɓi kifin."