Za'afaran Ɗin Tsoho Mbarak

Tsoho Mbarak ya dire kofin shayi a tsakar gida.

"Na ce a'a, Idir! Ba za ka aure ta ba. Yarinyar da aka haifa a Faransa, ko yarenmu sai ta lanƙwasa shi? Duk abin da ya ƙetare teku ya tashi daga namu."

"Baba, iyayenta 'yan garin nan ne fa."

"Da can!"

Yarinyar, Yamna, ta koma Faransa tana kuka. Idir ya zauna a garinsu Taliwin, a gonar ubansa ta za'afaran, furen da ake ƙamsasa abinci da jan zarensa. Bai gudu ba, bai ɗaga murya ba, sai dai ya rame. In ana tsinkar fure da sassafe, yakan tsaya yana kallon hanyar mota har uwarsa, Lalla Ijju, ta daka masa tsawa.

"Kai! Rana za ta buɗe furen kana nan kana gadin kwalta!"

Da lokacin fure ya zagayo, Yamna ta sauka gidan kakarta, ta shiga cikin mata masu cire jan zaren da ke cikin furen a gidan Tsoho Mbarak. Ba wanda ya kira ta. Wata shekarar ma ta zo. Tsakaninta da Idir gaisuwa ce kawai, daga nesa.

Wata rana tsohon ya tsaya a kanta. Yatsunta duk sun rine.

"Ke 'yar Faransa, can me suke ce wa wannan?"

"Safran, Baba."

"Ƙarya!"

"Wallahi! Mutanen Sifen su ce azafran, na Italiya zafferano. A makaranta an ce daga bakin Larabawa suka karɓi sunan, tun zamanin da fatake ke kai musu."

"Duk tsawon nan ba su raɗa masa nasu ba?"

"Sun dai ɗan lanƙwasa shi — kamar ni."

Matan suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ƙanensa Brahim ya tuna, wanda ya tafi haƙar kwal a Beljiyam, ya yi ta aiko da gaisuwa ba a amsa masa, har aka binne shi can.

Ya juya wajen matarsa.

"Ijju, gobe ki sayo curin sukari. Za mu gidan kakar yarinyar nan neman aure."

Idir na bakin ƙofa da kwandon fure. Ya ajiye shi, ya rufe fuska.

Haƙurin yaran nan ne ya sauko da tsohon. Wanda ya yi nisa da gida bai daina zama ɗan gida ba. Mu manya ne kan rufe masa ƙofa, mu zo muna kewarsa bayan ba ya nan.